Ziyarar Tsofaffin Makarantu: Kwatancin Shizutani ta Japan da Gadon Ilimi na Azarori da Ƙasar Madawa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tambaya guda ɗaya: idan aka ce za a kai baƙo ziyarar tsohuwar makaranta a Azarori da kewayenta, wato gundumomin Madawa da Buza da Keita na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, mene ne za a nuna masa? Tambayar ta taso ne daga duban abin da ake yi a ƙasar Japan, inda tsofaffin makarantun da aka gina domin koyar da littattafan Konfushiyas, malamin nan na ƙasar Sin da ya rayu tsakanin shekarar 551 da 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka zama wuraren da ɗalibai da masu yawon buɗe ido ke zuwa a kowace shekara. A can akwai gini da ƙofa da katanga da za a nuna da yatsa a ce ga makaranta. A ƙasar Madawa kuwa, duk da cewa a nan ne ɗaya daga cikin manyan malaman Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙare rayuwarsa, babu wani gini mai shekaru ɗari uku da aka keɓe da sunan makaranta.

Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, rashin irin wannan gini ya samo asali ne daga yadda makarantar ƙasar Hausa ta kasance tun farko, domin ita a jikin malami take, tana tashi idan ya tashi, tana sauka inda ya sauka. Saboda haka duk wani shiri na adana gadon ilimi a wannan yanki da zai kwaikwayi Japan ta fuskar gini kawai, zai tarar da hannunsa wayam, alhali abin da ya kamata a adana yana nan a raye cikin zauruka da gafakokin malamai.

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

Ta ɓangaren Japan, aikin da ya buɗe wa masana na waje ƙofa shi ne littafin Ronald Dore na shekarar 1965 a kan ilimi a zamanin mulkin gidan Tokugawa (1603 zuwa 1868), wanda ya rarrabe tsakanin makarantun da sarakunan larduna suka gina wa 'ya'yan mayaƙa, da makarantun malamai masu zaman kansu, da ƙananan makarantun unguwa da ake kira terakoya, inda 'ya'yan talakawa ke koyon karatu da rubutu da lissafi. Dore ya nuna cewa yawaitar waɗannan makarantu tana daga cikin dalilan da suka sa Japan ta karɓi ilimin zamani cikin hanzari bayan shekarar 1868.

Ta ɓangaren ƙasar Hausa kuwa, Mervyn Hiskett ya buga fassarar Ida'un Nusukh na Abdullahi ɗan Fodiyo a shekarar 1957, littafin da Abdullahi ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu tare da littattafan da ya karanta gaban kowannensu. Murray Last (1967) ya bayyana yadda waɗannan malamai suka kasance tushen jama'ar Shehu, Yusufu Bala Usman (1981) ya yi bayanin unguwannin malamai na birnin Katsina da dangantakarsu da fada, shi kuma Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa a yau, ya rubuta tarihin yankin Adar kafin mulkin mallaka (1975) da tarihin Musulunci a tsakiyar Sudan (2007). Olivier Meunier (1997) ya yi nazarin sauye-sauyen karatun addini a Maraɗi. A bayan nan Louis Brenner (2001) da Rudolph Ware (2014) sun jawo hankali ga cewa ilimin addini a Afirka ta Yamma abu ne da ake ɗauka daga baki zuwa kunne, daga jikin malami zuwa jikin almajiri, har Ware ya kira mahaddaci Alƙur'ani mai tafiya da ƙafa.

Waɗannan ayyuka sun ƙosar ta fuskar tarihi da manhaja, amma ba su mayar da hankali ga batun ziyara ba, wato yadda za a gabatar da wannan gado ga wanda ya zo gani da ido. A nan ne wannan maƙala ke neman sa baki.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatanci, an kuma dogara ga rubutattun ayyukan masana, da littattafan malaman jihadi su kansu, da abin da yake sananne na tsarin makarantun allo da na zaure. Domin sauƙaƙa bayani an raba gadon makaranta gida uku. Na farko shi ne gadon gini, wato ɗakin karatu da katanga da duk abin da magini ya ɗora. Na biyu shi ne gadon takarda, wato littattafai da rubuce-rubucen hannu da ijazoji, ita kuwa ijaza ita ce izinin da malami ke ba almajirinsa na ya karantar da wani littafi. Na uku shi ne gadon salsala, wato jerin malamai da kowannensu ya ɗauka daga wanda ya gabace shi, tare da hanyar karantarwar da ke tafe da wannan jeri. Wannan rabo ya yi daidai da bambancin da hukumar UNESCO ta yi a yarjejeniyarta ta 2003 tsakanin gadon da ake taɓawa da wanda yake a aikace cikin rayuwar mutane. Ya kamata a faɗa tun yanzu cewa kwatancin bai shafi aƙida ba, domin bukukuwan girmama Konfushiyas da ake yi a makarantun Japan ba su da makamanci a Musulunci. Abin da ake kwatantawa shi ne makaranta a matsayinta na cibiya, da yadda take ɗorewa ko ta shuɗe.

4.0 Abin da Mai Ziyara ke Gani a Japan

4.1 Makarantar Shizutani

Makarantar Shizutani tana cikin wani kwari tsakanin duwatsu a yankin Bizen na lardin Okayama. Sarkin lardin, Ikeda Mitsumasa, shi ya ba da umarnin kafa ta a shekarar 1670, ya kuma danƙa aikin ga hadiminsa Tsuda Nagatada, wanda ya shafe kimanin shekaru 30 yana gini, har aka kammala babban zauren karatu a shekarar 1701. Abin da ya bambanta ta da yawancin makarantun sarakuna na wancan zamani shi ne an gina ta domin 'ya'yan talakawa, musamman 'ya'yan masu unguwanni da manyan manoma, ko da yake 'ya'yan mayaƙa da ɗaliban wasu larduna su ma sun shiga. A shekarar 1953 hukuma ta sanya zauren cikin jerin dukiyoyin ƙasa mafi daraja.

Mai ziyara yana fara cin karo da katangar dutse mai tsawon mita 765 da ta kewaye makarantar, wadda aka jera duwatsunta suka haɗu ƙam, aka kuma zagaye samanta, har ciyawa ba ta samun wurin tsirowa a jikinta. Rufin zauren na jan tayil ne da aka gasa da yumɓun Bizen, an ɗora shi hawa-hawa domin ko ruwa ya ratsa na sama kada ya kai ga katako. A ciki, daɓen katako ya sha shafa da goga tsawon ƙarnoni har yana mayar da hasken da ke shigowa ta tagogi, kuma ba a taka shi da takalmi. An tara wani tudu na musamman tsakanin ɗakunan kwanan ɗalibai da zauren karatu, domin idan gobara ta tashi a wajen girki kada ta tsallaka. A gefe akwai ɗakin girmama Konfushiyas, gabansa kuma bishiyoyi biyu da aka shuka daga irin da aka ɗauko a makabartar iyalinsa da ke Qufu a ƙasar Sin, su ne ganyensu ke rikiɗa ja da rawaya a lokacin kaka, mutane su yi ta tururuwa zuwa kallo.

Hanyar karatun farko a irin waɗannan makarantu ana kiranta sodoku, ma'anarta yaro ya bi bakin malami yana maimaita nassin da ƙarfi har ya zauna masa, ba tare da an fassara masa ba, sai daga baya a shiga bayanin ma'ana. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai gane wannan tsari nan take, domin haka yaro ke bin babbaƙu da farfaru har ya sauke, kafin ya zauna gaban malamin zaure a fara yi masa fassara. Har yanzu ana kawo 'yan makaranta Shizutani su durƙusa a kan ƙananan shimfiɗu na zagaye su karanta wani yanki na zantukan Konfushiyas da murya ɗaya, sannan su ɗauki tsumma su goge daɓen.

4.2 Dalilin Ɗorewarta

Ginin bai ɗore don ƙarfin dutse da katako kaɗai ba. Tsuda Nagatada ya ware wa makarantar gonaki da dazuzzuka na kanta, domin ta ci gaba da rayuwa ko da an sauya gidan sarautar lardin, wanda kusan shi ne abin da shari'ar Musulunci ke kira waƙafi, wato dukiyar da aka tsayar domin amfanin jama'a, ba a sayarwa ba a gado. Bayan sauyin mulki na 1868 makarantar ta rufe na ɗan lokaci, aka sake buɗe ta, ta koma makarantar sakandare ta zamani har zuwa 1964, daga nan wurin ya zama cibiyar horar da matasa. Dokar kare kayan al'adu ta 1950 ta tanadi tallafin hukuma wajen gyara da kulawa.

Sauran makarantun ba duka suka yi wannan sa'a ba. Makarantar Ashikaga, wadda Uesugi Norizane ya farfaɗo da ita a ƙarni na 15, wadda kuma ɗan mishan Francis Xavier ya ambata a wasiƙarsa ta 1549 a matsayin babbar makarantar gabashin Japan, an rufe ta a 1872, kuma da yawa daga gine-ginen da ake gani a yau an sake tayar da su ne a 1990 bisa tsoffin zane-zane. Abin da ya tsira a can tun asali shi ne ɗakin Konfushiyas na 1668 da littattafan da aka buga a ƙasar Sin tun zamanin daular Song, waɗanda har yau ake fitar da su a sha iska a lokacin kaka domin kare su daga danshi da ƙwari. Makarantar Yushima Seido ta birnin Tokyo, wadda aka gina a 1690, ta ƙone a girgizar ƙasa ta 1923, aka sake gina ta da kankare a 1935. A shekarar 2015 hukumar al'adu ta Japan ta haɗa Shizutani da Ashikaga da makarantun Kodokan ta Mito (1841) da Kangien ta Hita (1817) a ƙarƙashin suna guda na gadon ilimi.

Akwai abin lura a nan. Dokar ilimi ta 1872 ta kafa makarantun zamani a duk faɗin ƙasar, manhajar Konfushiyas ta daina zama hanyar da mutum ke bi ya zama masani, saboda haka yaran da ke karanta zantukansa a Shizutani a yau baƙi ne na ɗan lokaci, ba almajiran da za su gaji malami su zaunar da wasu ba. Gadon gini da na takarda sun tsira, na salsala kuwa ya yi rauni ƙwarai.

5.0 Abin da ke Ƙasar Madawa

5.1 Azarori a Kan Hanyar Ilimi

Azarori ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Madawa, inda Hausawa manoma ke zaune tare da Abzinawa Kel Geres, waɗanda suka gangaro daga Abzin zuwa Adar da Gobir Tudu a ƙarni na 18, kuma ɗaya daga cikin sarautunsu tana nan Azarori. Rayuwar Kel Geres, kamar yadda Pierre Bonte ya nazarta, ta ginu ne a kan zirga-zirga: da damina a kai dabbobi arewa wajen Ingal da Tegidda lasar gishiri, da rani a gangaro kudu da gishirin a musanya da hatsi da tufafi a kasuwannin Hausa. Hanyar da gishiri ya bi ita ce malamai da littattafai suka bi tsakanin Agadas da Gobir da Katsina, kuma a cikin Abzinawa akwai rukunin da ake kira ineslemen, wato gidajen malanta da suka gaji karatu da alƙalanci. Daga irin waɗannan gidaje ne Muhammadu Jilani ya fito, wanda ya jagoranci yunƙurin jihadi a Adar da Azawak a farkon ƙarni na 19, yana da alaƙa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A yammacin Madawa kuma, kusa da Galmi, nan ne Maratta take, inda aka haifi Shehu Usmanu a shekarar 1754.

5.2 Malam Jibrilu ɗan Umaru

Babu misalin da ya fi bayyana yanayin makarantar wannan ƙasa kamar rayuwar Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shehu Usmanu ya zauna gabansa kimanin shekara guda, ya bi shi har Agadas, da malamin ya ɗaura niyyar aikin hajji sai almajirin ya juyo gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. Malam Jibrilu ya yi hajji sau biyu, a Alƙahira kuma ya sadu da Murtala Zabidi, marubucin ƙamus ɗin Tajul Arus wanda ya rasu a 1791, ya karɓi ijaza daga gare shi. Bayan ya dawo, Shehu da ƙanensa Abdullahi sun je wurinsa sun karɓi ijazojin abin da ya zo da shi, ta haka salsalar malaman Misira da Hijaz ta shigo cikin jama'ar Shehu, kamar yadda Shehu ya rubuta a Asanidul Faƙir, Abdullahi kuma a Ida'un Nusukh. Shehu ya saɓa wa malaminsa a kan mas'alar kafirta mai aikata manyan zunubai, ya kuma rubuta dalilansa, amma bai daina ambatonsa da girmamawa ba, yana ɗaukar kansa a matsayin wanda ya ɗora a kan aikin da malamin ya fara. Malam Jibrilu ya rasu kafin jihadin 1804, kabarinsa kuma yana kusa da Madawa.

To ina makarantar Malam Jibrilu take? Ta kasance a Agadas lokacin da yake Agadas, ta kasance a kan hanyar hajji, ta kasance a Adar da ya dawo. Wanda ya nemi katangarta ba zai samu ba, amma wanda ya buɗe littattafan 'yan Fodiyo zai tarar da sunayen littattafan da aka karanta a cikinta da sunayen waɗanda suka karanta, abin da kuwa ba ƙaramar shaida ba ce. Haka abin yake ga Ɗagel, inda Shehu ya tara jama'arsa kafin hijira zuwa Gudu: wurin sananne ne, amma darajarsa ga mai ziyara tana cikin kaburbura da labarin da aka adana.

5.3 Zauren da ke Aiki Har Yanzu

Abin da Japan ta rasa shi ne yake a raye a garuruwa da ƙauyukan Madawa da Buza da Keita. Da asuba da kuma bayan magariba yara na zaune a kan tabarmar kaba, irin wadda aka san ƙasar Madawa da saƙarta, kowa da allonsa, wani yana biya, wani ya wanke yana jiran ya bushe a rubuta masa na gaba da alƙalamin gamba da tawadar da aka haɗa da ƙaro. Matakan sanannu ne, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, sannan alaramma da gwani ga wanda ya haddace ya kuma iya rubuta Alƙur'ani da ka. Bayan sauka, mai son ci gaba yakan koma makarantar ilimi, wadda ake yi a zauren malam, inda kowane ɗalibi ke zuwa da littafinsa ya jira layi: ya karanta jimla da Larabci, malam ya fassara da Hausa ko da Tamajak, harshen Abzinawa, ya yi sharhi, sauran suna saurare suna tsintar rabonsu. A fiƙihu ana farawa da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, a wuce Risala ta Ibn Abi Zaid, a kai ga Muhtasar na Halil. A nahawu Ajrumiyya sannan Alfiyya. A tafsiri Jalalaini. A yabon Annabi (SAW) Ishiriniya. Sai Ashafa ta Alƙali Iyal da ake karantawa a watan azumi. Da yawa daga cikin waɗannan littattafai su ne Abdullahi ɗan Fodiyo ya lissafa fiye da shekaru 200 da suka wuce, kuma hanyar karanta su ba ta sauya sosai ba.

Wannan makaranta ba ta da waƙafi irin na Shizutani. Abin da ke riƙe da ita shi ne gonar malam da almajirai ke taya shi nomawa, da zakkar hatsi bayan girbi, da kuɗin Laraba, da sadakar sauka. Idan damina ta yi gardama, abin da ba baƙo ba ne a Adar, malam yakan kwashi almajiransa su tafi ci-rani Maraɗi ko Sakkwato ko Kano, makarantar ta bi su. Dukiyar da ake samu ta shekara ce, ba ta taruwa har ta zama gini, kuma ko ta taru, malamai da dama sun ɗauki nesanta da fada a matsayin sharaɗin tsare mutuncin ilimi, alhali Shizutani sarki ne ya gina ta da dukiyar lardi.

5.4 Batun Ginin Ƙasa

Ba za a ce ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba su da gadon gini na ilimi ba. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, mai tsawon kimanin mita 15, wadda labarin baka ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau da zuwan Shehu Magili a ƙarshen ƙarni na 15, ita ce ragowar masallacin da ya kasance cibiyar karatu a birnin da ya fitar da Ɗan Marina da Ɗan Masani da Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Hasumiyar Agadas mai mita 27 ta samo asali daga ƙarni na 16, an sake gina ta a 1844, kuma tsohon birnin ya shiga jerin gadon duniya na UNESCO a 2013. Sai dai duka biyun masallatai ne na manyan birane masu sarauta, kuma sun tsaya ne saboda ana sabunta yaɓensu. Ita Gobarau an yi mata babban gyara a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin akwai hannun da ke shafa masa yaɓe bayan damina, da zarar an yi sakaci na 'yan shekaru sai ya koma inda ya fito. Takardar Nara ta 1994, wadda aka tsara a Japan ɗin kanta, ta amince cewa sahihancin gado ba ya tsayawa ga tsufan kayan gini, yana iya kasancewa cikin fasahar da ake gada da aikin da ake yi a wurin, kuma wannan matsayi ya yi wa ginin ƙasa adalci.

A jihar Tawa akwai misalai biyu na kusa. Masallacin Yama, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, tsohon masallacin ƙasa da ya fara lalacewa an gyara shi aka mayar da shi ɗakin karatu, a aikin da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara aka kammala a 2018, tare da maginan gargajiya na yankin. Wannan ya nuna cewa fasahar da za ta iya samar wa littattafan malamai mazauni mai sanyi da rahusa tana nan cikin jihar.

6.0 Abin da Ya Kamata a Nuna wa Mai Ziyara

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma amfanin ziyara ke nan: ɗalibin lakwal da ya karanta sunan Malam Jibrilu a darasin tarihi zai riƙe shi daban idan an kai shi inda malamin yake kwance, aka kuma buɗe masa shafin da Abdullahi ya ambace shi. Bisa rabon da aka yi a sashe na 3.0, ziyarar ƙasar Madawa za ta tsaya ne a kan gadon takarda da na salsala, gini ya zo a matsayin mai hidima gare su.

Aikin da ya fi gaggawa shi ne na takarda. Littattafan hannu da ke gidajen malamai suna cikin gafaka ko akwatin ƙarfe, gara da yoyon ɗaki da rabon gado suna cin su sannu a hankali, domin idan malam ya rasu akan raba littafi guda tsakanin magada, ganye ya rabu da ɗan'uwansa. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, wanda ya samo tushe daga tarin Bubu Hama, yana da ƙwarewar tantancewa da ɗaukar hoto, kuma dokar Nijar mai lamba 97-022 ta shekarar 1997 ta tanadi kare kayan gadon al'adu. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ɗauki hoton takardun a gidajen masu su a bar musu kayansu, domin iyalan malamai suna da dalilin ƙin sakin littafin da aka ce za a kai birni, kuma littafin da ya bar zaure ya shiga gilashi ya daina aikin da aka rubuta shi dominsa. Al'adar Ashikaga ta fitar da littattafai shan iska sau ɗaya a shekara abu ne da za a iya ɗauka kai tsaye, a sanya shi bayan ɗaukewar ruwa, ya zama kuma lokacin ƙirga abin da ke akwai.

Na biyu shi ne rubuta salsala. Kowane malamin zaure ya san wanda ya karantar da shi Risala da wanda ya karantar da shi Muhtasar, sau da yawa har ya san malamin malaminsa. Idan ɗaliban tarihi na jami'ar Tawa suka bi zaurukan Azarori da Galma da Bangi da Buza da Tamaske suna rubuta wannan jeri da Hausa da Tamajak, za a sami taswirar ilimi ta yankin, wadda za ta nuna inda hanyoyin suka haɗu da Agadas, da inda suka gangara Sakkwato da Katsina da Zariya. Wannan aiki ba ya jira, domin kowane dattijon malami da ya rasu yana tafiya da nasa jerin.

Akwai matsaloli biyu da ba za a kauce musu ba. Ta farko ita ce saɓanin da ke tsakanin malamai game da ziyarar kaburbura, wanda ya ƙara fitowa fili tun bayan kafa ƙungiyar Izala a 1978 da bazuwarta zuwa Nijar. Shirin da zai karɓu ga kowa shi ne wanda ya tsaya ga ziyarar da sunna ta tabbatar, ta yin sallama da addu'a ga mamaci, ya kuma mayar da nauyinsa ga tarihi da littattafai, a bar kula da wurin a hannun malamai da sarakunan yankin. Ta biyu ita ce mutuncin zauren kansa. Shizutani tana iya karɓar motocin baƙi saboda babu darasin yau da kullum da za a katse, amma zauren da ake karatu a cikinsa ba wurin kallo ba ne, kuma yaran da ke ciki, waɗanda wasunsu ke fama da ƙarancin abinci da sutura, ba abin ɗaukar hoto ba ne. Mai ziyara zai shiga ne da izinin malam, ya cire takalmi, ya zauna a bayan ɗalibai har a shafa fatiha, kuma duk abin da ziyarar ta kawo na kuɗi ya kamata ya koma ga gonar makarantar da rumbunta, bisa tsarin waƙafi da aka rubuta gaban alƙali da hukumar gari, domin kada ya narke cikin rabon gado idan malamin ya rasu.